Gatarin Geza: Daga Zangon Fatake Zuwa Kasuwar Yau

Tun kafin Turawa su shata iyaka, ƙasar da Geza take, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, hanyar fatake ce. Ayarin masu neman goro kan taso daga Kano ko Sakkwato, su ratsa Jega, su ƙetare kogin Kwara a wajajen Illo, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga ta ƙasar Gwanja. Duk zangon da madugu ya ce a sauka, sai an sari itacen girki da ƙayar kange jakuna. Shi ya sa gatari ba ya rabuwa da kayan falke. A 1898 Ingila da Faransa suka raba wannan ƙasa, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, Kandi ta tafi Dahome, wadda ita ce Benin ta yau. Amma gatarin da ake saɓawa a kafaɗa a ɓangarorin biyu iri ɗaya ne har gobe.

Ƙirarsa ta bambanta da ta Turai. Na Bature rami gare shi a ƙarfe, ana zura ƙota a ciki. Namu kuwa ƙotar ce mai kumburarren kai, maƙeri ya gasa wutsiyar ruwan gatarin har ta yi ja, ya ƙona mata gurbi a cikin itacen, ta zauna daram. Kowane sara ƙara cusa ta ciki yake yi. In ƙota ta tsage, ba sai an je birni ba, reshen marke ko na ƙirya ya isa.

A da, daga tama ake narko ƙarfen, da gawayin ƙirya da zugazugi, aikin da kan ci kwanaki. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsofaffin ƙarafan Turawa suka yawaita a kasuwanni, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Yau sifirin ɗin tsohuwar mota shi ne abin da maƙeri ya fi so, kuma yana da gaskiya, don yana riƙe kaifi. Manoma dai har yanzu sukan tono gatarin dutse a gona su ce na aradu ne, alhali aikin hannun mutanen da suka riga zamanin ƙarfe ne.

Magabata ba sa sayen gatari sai sun san aikin da zai yi. Na sara siriri ne, mai faɗin baki, don ya yanka jijiyar itace ta gefe. Na faskare kuwa kauri da nauyi ake nema, ya shiga gungume ya buɗe shi biyu. Wanda ya kai siririn ruwa kan busasshiyar ƙirya, ko dai ya maƙale ko bakin ya karye. Mace mai zuwa itace tsitaka ta ishe ta. Masassaƙin turmi ko kwalekwale, bayan gatari, gizago yake ɗauka. Mai saye na ƙwarai yakan ƙwanƙwasa ƙarfen ya saurari amonsa, ya duba ko zaren ƙotar ya miƙe ba gaɓa, sannan ya ɗaga ya ji ko nauyin ya dace da damtsensa.

Ana yawan ɗora wa gatari laifin ƙarewar daji, ni kuwa ban yarda ba. Ɗaruruwan shekaru ana sara da shi, kututture yana sake toho, kaɗanya da ɗorawa kuma ba mai taɓa su a gona. Injin yankan itace da cinikin gawayi su suka sauya lissafi. Madobiya ma sai da aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017, saboda yadda ake jigilarta zuwa Sin.

Duk mai neman gatari a Geza, ko Tsamiya, ko Lolo, ya je wurin maƙerin garinsu, ya gaya masa itacen da zai sara kafin a fara ciniki.