FASHIN BAƘI: Yadda ake ɗaukar malaman harsuna a jami'o'in gwamnati, da inda gizo ke saƙar

Kowace shekara ɗalibai na kammala digiri a fannin Hausa da Larabci da Faransanci da Kimiyyar Harshe a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, kuma da yawa daga cikin haziƙansu na burin komawa sashensu a matsayin malamai. Dokokin hawa matakan wannan aiki a rubuce suke, kowa na iya karantawa. Ƙofar shiga ta farko ce ke da duhu.

Tushen sassan

Jami'ar Bayero ta fara ne a 1960 a matsayin kwaleji, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, sannan ta tsaya da ƙafafunta a 1977. A can aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a 1969, wadda daga baya ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Malaman farko sun yi digirinsu na uku a waje: M.K.M. Galadanci a Landan a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. Su da takwarorinsu irin su Ɗalhatu Muhammad a Zariya suka horar da waɗanda suka gaje su. Daga nan al'adar riƙe ɗalibin da ya fi kowa ƙwazo ta samo asali, kuma har yau ita ce babbar hanyar shiga sassan harsuna.

Matakai bakwai

Matakin farko shi ne na mai taimaka wa malamai, wanda ake bai wa mai digirin farko da ya fita da daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama, bayan ya yi wa ƙasa hidima. Mai digiri na biyu yakan shiga a matsayin Mataimakin Lakcara, mai digirin dakta kuma galibi a matsayin Lakcara na Biyu. Daga nan sai Lakcara na Ɗaya, Babban Lakcara, Mataimakin Farfesa, sannan Farfesa.

Tsakanin mataki da mataki akan ɗauki aƙalla shekara uku, kuma lokaci kaɗai ba ya isa: ana ƙirga maƙalun da malami ya buga a mujallun ilimi, da littattafansa, da ɗaliban da ya duba wa kundi. A yawancin jami'o'i ba a wuce Lakcara na Ɗaya sai da digirin dakta. Kafin a ba da matakai biyu na ƙarshe, sai an aika ayyukan mutum ga farfesoshin wasu jami'o'i su tantance a asirce. Tun gyaran doka na 2012, farfesa na yin ritaya yana shekara 70, sauran malamai kuma 65.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta tanadi cewa a fannin harsuna da adabi malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 30, kuma kashi 20 cikin ɗari na malaman sashe su kasance farfesoshi da mataimakansu, kashi 35 manyan lakcarori, kashi 45 na ƙasa da su. Da wannan ma'auni take duba sashe kafin ta amince da digirinsa. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 ya gano cewa kashi 43 kacal na malaman jami'o'in gwamnati ke da digirin dakta.

Wa ke da ikon ɗauka

A ƙa'ida, sashe ne ke bayyana buƙatarsa, a tallata gurbin a jarida, a tace masu nema, a yi musu ganawa, sannan kwamitin ɗaukar aiki da ƙarin girma ya miƙa sunaye ga Majalisar Gudanarwar Jami'a. A jami'o'in tarayya akwai wasu hannuwan daga Abuja: ofishin kasafin kuɗi, da Hukumar Raba Daidai da aka kafa a 1996 don tabbatar da cewa kowace jiha ta samu rabonta, kamar yadda sashe na 14(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada.

Sanya jami'o'i cikin tsarin biyan albashi na IPPIS a 2020 ya ƙara ɗaure su, domin shugaban jami'a ba ya iya sa sabon malami a albashi sai Abuja ta yarda. Wannan na cikin dalilan yajin aikin wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022, lokacin da albashin farfesa mafi daɗewa bai kai naira 500,000 a wata ba. A Disamba 2023 Majalisar Zartarwa ta amince a cire jami'o'i daga tsarin. Kafin nan, a Yuni 2023, an rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya, aka bar su kusan shekara guda ba tare da hukumar da doka ta ba ikon ɗaukar aiki ba.

Inda gizo ke saƙar

Hukumar Raba Daidai na iya yafe wa ma'aikata wajibcin talla idan guraben ba su da yawa. Kwamitin Majalisar Wakilai da Yusuf Gagdi ya jagoranta a 2023 kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya ya nuna yadda wannan rangwame ya zama kafar ɗaukar aiki ta bayan gida. Duk gurbin da ba a tallata ba, na kusa ne ke jin labarinsa. Matashin da ya fita da daraja ta ɗaya ya koma gida Yola ta Ƙaraye ko wani ƙauye a Rogo, ba shi da kowa a ofishin rajistara, yakan ji labarin ne bayan an rufe ƙofa.

A sassan harsuna asarar ta fi ciwo, domin masana kaɗan ne a wasu fannonin. Idan wanda ke koyar da ilimin furuci ko Fulfulde ko rubutun ajami ya yi ritaya ba a ɗauki magajinsa ba, sai a jingina darasin ga malamin wucin gadi daga wata jami'a, ko a ɗora wa wanda ba fanninsa ba ne. Horar da sabon masani daga digirin farko zuwa na dakta kan ci kusan shekara goma, ko da asusun TETFund ya ɗauki nauyin karatun.

Abin da ɗan ƙasa zai iya tambaya

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya, ta amsa cikin kwana bakwai. Ana iya tambayar jami'a yawan malaman da ta ɗauka a wani sashe cikin shekara biyar, da jaridar da aka tallata guraben, da takardar rangwamen da aka samu idan ba a tallata ba, da adadin farfesoshin da za su cika shekara 70 nan kusa. Amsoshin nan huɗu sun isa su nuna ko sashe na shirya magada, ko kuwa rabon gado ake yi.