Ɗan Daudu a Finafinanmu: Abin da Na Tuna Daga Hausari



A unguwar Hausari na fara kallon "Ibro Ɗan Daudu", fim ɗin marigayi Rabilu Musa na 2002, a kaset ɗin haya. Ɗakin ya cika maƙil, har da wani mai sayar da tuwo a tasha, ɗan daudu ne, kowa ya sani. Muna ta ƙyaƙyata dariya, shi kuwa ya sulale ya fita tun kafin a kai rabi.

Haka finafinan Kano suka saba nuna su: rangwaɗa, karairaya, habaici. Abin da ke cikin zuciyarsu ba wanda ya tambaya. Hukumar tace finafinai ta Kano, da aka kafa a 2001, ba za ta bari ba, balle bayan dokar 2014 mai ɗaurin shekara 14.

A Legas ne aka yi ƙarfin hali. A 2023 fim ɗin Babatunde Apalowo, kan shaƙuwar wasu maza biyu, ya ci kyautar Teddy a birnin Berlin na Jamus. Da na ji labarin, mai tuwon nan ne ya faɗo mini a rai. Tun rikicin 2009 ban sake ganinsa ba.