Masu Ƙin Gwamnati na Sifaniya: Daga Fanelli Zuwa CNT

A ƙarshen 1868, jim kaɗan bayan an tumɓuke Sarauniya Isabella ta Biyu, wani mutumin Italiya mai suna Giuseppe Fanelli ya sauka a Madrid. Mikhail Bakunin ne ya turo shi, ɗan Rashan nan da ke wa'azin cewa gwamnati kowace iri ce, sarƙa ce a wuyan talaka. Fanelli bai iya Sifaniyanci ba. Da Italiyanci da Faransanci ya yi wa wasu 'yan tsirarun ma'aikata jawabi, hannu da ido suka ƙarasa sauran. Cikin masu sauraro har da wani matashi ma'aikacin ɗab'i, Anselmo Lorenzo, wanda ya riƙe aƙidar har ya bar duniya. A 1870 aka kafa reshen Sifaniya na ƙungiyar ma'aikata ta duniya a Barcelona.

Ƙasa ta riga ta jiƙe, shi ya sa irin ya kama. A Andalusiya manyan gonaki na hannun wasu 'yan gidaje. Ɗan ƙodago kan fito dandalin gari da asuba, ya jira wakilin mai gona ya nuna shi da yatsa. Wanda ba a nuna ba, ranar nan tukunyarsa ba za ta hau murhu ba. Abin da ya sani na gwamnati shi ne jandarman Guardia Civil da mai karɓar haraji. Zaɓe kuwa, manyan gari ke rubuta sakamakonsa. Wa zai ce wa irin wannan mutum ya jira majalisa?

An haramta reshen ƙungiyar ma'aikatan a 1874. Shekaru suka biyo na bom da kamu da azabtarwa, har aka harbe malamin makaranta Francisco Ferrer a 1909. Shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta CNT a Barcelona.

Abin mamaki, mutanen da ake yi wa kallon 'yan hargitsi sun fi kowa tsari. A 1919 yajin aikin kamfanin lantarki na La Canadiense ya jefa Barcelona cikin duhu, aka yi kwana 44 ana ja, sai da gwamnati ta sa hannu a dokar aikin awa takwas a rana. A 1927 masu tsattsauran ra'ayi suka kafa ƙungiyar FAI a Valencia, don kada shugabannin CNT su yi laushi.

Da sojoji suka yi bore a Yulin 1936, 'yan CNT na kan gaba wajen murƙushe su a Barcelona, suka karɓe masana'antu da gonaki suna gudanarwa da kansu. Amma yaƙi da Janar Franco, jagoran masu boren, ya matsa. A Nuwamba mutum huɗu daga cikinsu suka shiga gwamnatin Firaminista Largo Caballero, har da Federica Montseny, mace ta farko da ta zama minista a Sifaniya.