Waiwaye: Ƙungiyoyin Samari Mawaƙa na Shekarun 1990 da Jarrabawar Ɗaukaka

A shekarar 2024, mai haɗa kiɗa ID Cabasa ya sake fito da tsohuwar waƙar nan mai suna "Olufunmi" cikin sabon salo, tare da muryoyin Fireboy DML da Odumodublvck da BOJ da kuma Joeboy. Da yawa daga cikin matasan da suka yi ta sauraronta a wayoyinsu ba a haife su ba lokacin da asalin waƙar ta fito a 2003. Masu ita na farko su ne Styl-Plus, ƙungiyar samarin da ta yi sansani a Abuja, wadda tushenta ke komawa zuwa 1997.

Wannan bayani ya duba yadda irin waɗannan ƙungiyoyi suka taso a duniya da kuma Najeriya, dalilan da suka sa yawancinsu suka watse, da abin da ya taimaki wasu daga cikin mambobinsu suka riƙe kansu bayan tafi ya lafa.

Mece ce ƙungiyar samari mawaƙa?

Ana nufin samari uku zuwa biyar da ke rera waƙa tare, kowa da irin muryarsa, suna karɓa-karɓa da haɗa amo, galibi a kan soyayya. Ba kasafai suke kaɗa kayan kiɗa da kansu a dandali ba. Jarinsu shi ne murya da rawa da shiga iri ɗaya, kuma mafi yawan masu sauraronsu matasa ne.

Tsarin ya sha bamban da na makaɗan Hausa. A ƙungiyar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an san jagora, an san makaɗa, an kuma san 'yan amshi. Sunan jagora ƙungiyar ke ɗauka, kuma shi ke rabon abin da aka samu. A ƙungiyar samari kuwa, kowane mamba daidai yake da ɗan'uwansa a bisa ƙa'ida, amma masu sauraro ba sa raba ƙauna daidai. Daga ranar da jama'a suka fara kiran sunan mutum ɗaya fiye da sauran, an shuka irin rabuwa ke nan.

Yadda abin ya faro a ƙetare

Shekarun 1990 su ne ganiyar wannan salo. A Amurka, Boyz II Men na birnin Filadelfiya sun shafe makonni 13 a saman jadawalin Billboard da waƙarsu "End of the Road" a 1992. An kafa Backstreet Boys a Orlando a 1993, sai NSYNC a 1995. A Ingila, Take That ta fito daga Manchester a 1990, yayin da ƙasar Ireland ta samar da Boyzone a 1993 da Westlife a 1998.

Kasuwarsu ta kai inda ba a zata ba. Kundin "Millennium" na Backstreet Boys ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a makonsa na farko a Amurka a 1999. A shekara mai bi, "No Strings Attached" na NSYNC ya sayar da kusan kwafi miliyan 2.4 cikin mako guda. Da Take That ta sanar da watsewarta a Fabrairun 1996, sai da aka buɗe layukan waya na musamman a Birtaniya domin kwantar da hankalin masoyanta.

Sai dai bayan fage labarin daban ne. Lou Pearlman, ɗan kasuwar da ya haɗa Backstreet Boys da NSYNC, ya ƙulla yarjejeniyoyin da suka ba shi kaso mai tsoka na abin da samarin ke samu, har ƙungiyoyin biyu suka shiga shari'a da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2008 kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 25 kan damfarar masu zuba jari, kuma ya mutu a tsare a 2016. A nasa ɓangaren, AJ McLean na Backstreet Boys ya shiga cibiyar gyaran hali a 2001 saboda shaye-shaye, abin da ya sha bayyanawa da bakinsa.

Abin da ya buɗe ƙofa a Najeriya

Kafin 1992, gidajen rediyo da talabijin a Najeriya na gwamnati ne kaɗai. Doka mai lamba 38 ta wannan shekarar ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi. Raypower ta marigayi Raymond Dokpesi ta fara aiki a Legas a 1994, sai talabijin ɗin AIT a 1996.

Sababbin tashoshin na buƙatar abin da za su cika sa'o'insu, kuma da farko waƙoƙin Amurka suka mamaye su. Kenny Ogungbe da Dayo Adeneye, masu gabatar da shirye-shirye a tashoshin biyu, na cikin waɗanda suka juya akalar zuwa ga samarin gida. Kamfanin Kennis Music na Ogungbe ya zama gidan da taurari da dama suka fito. Samarin sun ɗauki salon ƙetare suka zuba masa Yarbanci da Turancin buroka da sauran harsunan gida, kuma wannan gauraye ne ya zama harsashin kiɗan zamanin da Najeriya ke alfahari da shi a yau.

Iskar ta kaɗa har Jamhuriyar Nijar, inda ƙungiyoyin matasa irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong suka riƙa waƙa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci.

The Remedies: ɗan Kano a sahun gaba

Ƙungiyar The Remedies ta ƙunshi Eedris Abdulkareem da Tony Tetuila da Eddy Montana. Waƙarsu "Shakomo", wadda ta karaɗe gidajen rediyo a ƙarshen shekarun 1990, ana lissafa ta cikin waƙoƙin da suka buɗe sabon babi a ƙasar. An haifi Eedris a Kano a 1974, kuma a can ya tashi kafin ya koma Legas.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba. Tetuila ne ya fara ficewa, ya yi tashe da "My Car". Eedris ya fito da "Mr. Lecturer", wadda ta taɓo matsalar lalata da ɗalibai mata a manyan makarantu, sai "Jaga Jaga" a 2004, wadda ta fusata gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo. A Disambar wannan shekarar ya yi sa-in-sa da ayarin mawaƙin Amurka 50 Cent kan wurin zama a jirgin sama. Eedris ya sha cewa mutuncin mawaƙan gida yake karewa, amma tauraronsa ya dusashe na tsawon lokaci bayan rikicin.

A 2022 aka yi masa dashen ƙoda, kuma matarsa ce ta ba shi tata. Bai daina waƙar sukar masu mulki ba: a Afrilun 2025 hukumar NBC ta hana sanya waƙarsa "Tell Your Papa" a kafofin watsa labarai.

Plantashun Boiz: lokacin da ɗaya ya zarce saura

Innocent Idibia, wanda aka sani da 2Face, an haife shi a Jos a 1975. Shi da Blackface sun yi karatu a Cibiyar Nazarin Gudanarwa da Fasaha ta Enugu, sannan suka koma Legas inda Faze ya zama na ukunsu. Sun fitar da kundin "Body and Soul" a 2000 da "Sold Out" a 2003, suka rabu a 2004.

A wannan shekarar 2Face ya fitar da "Face 2 Face", kundin da ke ɗauke da "African Queen". A 2005 ya lashe kyautar MTV ta Turai ta gwarzon mawaƙin Afirka. Ukun sun sake haɗuwa a kundin "Plan B" a 2007, amma zumuncin bai koma yadda yake ba. Blackface ya shafe shekaru yana ƙorafi kan haƙƙin wasu waƙoƙi, maganar ta kai kotu, kuma sai a 2019 suka sasanta a wajenta.

Idibia, wanda ya sauya sunan sana'arsa zuwa 2Baba a 2016, ya karkatar da wani ɓangare na sunansa ga aikin al'umma. Ya jagoranci gangamin kira ga matasa su yi zaɓe ba tare da tashin hankali ba gabanin zaɓen 2015, kuma a 2020 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi jakadanta.

Ko 'yan'uwantaka ba ta hana irin wannan rabuwa ba. Tagwayen P-Square, Peter da Paul Okoye, waɗanda su ma a Jos suka tashi, sun rabu a 2017, suka shirya a 2021, sannan saɓanin ya sake dawowa a 2024.

Styl-Plus: muryar Abuja

An kafa ƙungiyar a 1997 a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Sunan STYL ya fito ne daga haruffan farko na sunayen waɗanda suka kafa ta: Shifi Emoefe da Tunde Akinsanmi da Yemi Akinwonmi da Lanre Faneyi. Da waƙoƙin coci suka fara. Kafin shekarun 1990 su ƙare, Lanre ya rasu, Zeal Onyecheme ya shigo, aka ƙara "Plus" a sunan. Ba su cire harafin marigayin ba. Yemi ya fice a 2002, suka rage su uku.

Abin da ya bambanta su shi ne mazauninsu. Abuja ta zama fadar gwamnati ne a ranar 12 ga Disambar 1991, kuma a lokacin an fi saninta da ofisoshi da ma'aikata. Kamfanonin waƙa da manyan tashoshi da kasuwar Alaba, wadda ke rarraba faya-fayai zuwa sassan ƙasar, duk suna Legas. Duk da haka daga Abuja "Olufunmi" da "Runaway" suka ratsa ƙasar a 2003. Kundinsu na farko, "Expressions", ya fito a 2006, sai "Back and Better" a 2008.

Zama nesa da Legas ya ba su natsuwa, kuma ba a san su da yawan cece-kuce a jaridu ba. Amma yana da tsadarsa, domin kasuwa ta fi tunawa da wanda take gani kullum. Da salon kiɗa ya koma mai zafi na rawa, waƙoƙinsu masu sanyi suka ja baya. Daga bisani Tunde ya kama gabansa, Shifi da Zeal suka ci gaba da riƙe sunan.

Me ya sa suke watsewa?

Dalilai huɗu ne suka fi maimaituwa. Na farko shi ne rabon kuɗi: abin da mawaƙi ɗaya zai karɓa shi kaɗai, ƙungiya sai ta kasa shi uku ko huɗu. Na biyu, rashin rubutacciyar yarjejeniya kan wanda ya rubuta wace waƙa, domin samarin sun fara ne a matsayin abokai, ba abokan ciniki ba. Na uku, kamfanoni kan ja mamban da ya fi farin jini gefe su yi masa tayin fita shi kaɗai. Na huɗu kuwa shekaru ne: masu sauraro na girma, mawaƙan na yin aure, ƙannensu kuma na neman nasu taurarin.

A Najeriya an ƙara da satar fasaha. Waƙa kan karaɗe ƙasa, amma ribar faifan ta tsaya a hannun masu kwafa, mawaƙi ya dogara ga kuɗin wasa a dandali. Shi ya sa suna kan yi wa arziki nisa, kuma wanda ya ɗauki rayuwa daidai da sunansa ya kan shiga uku idan gayyata ta ragu.

Abin da ya riƙe waɗanda suka tsaya

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Tarihin waɗannan samari ya nuna cewa waɗanda suka jure wannan juyi suna da abin dogaro da bai rataya ga tafi ba. Ga Eedris, iyali ne suka tsaya masa a ranar da lafiya ta gagara. Ga 2Baba, aikin al'umma ya ba sunansa wani amfani bayan dandali. Backstreet Boys, waɗanda har yanzu suke wasa su biyar bayan fiye da shekara 30, sun kai ga haka ne bayan sun ƙwaci kansu ta hanyar shari'a, sun kuma ba mai rauni a cikinsu lokacin jinya maimakon su maye gurbinsa. Shifi da Zeal kuwa sun yarda su ci gaba da aiki ko da hasken ya ragu.

Matasan da ke haɗa ƙungiya a yau a Abuja ko Kano ko Kaduna suna da kariyar da na baya ba su samu cikakkiya ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, ta shafi ayyukan da ake yaɗawa ta intanet, kuma hedikwatar hukumar da ke aiwatar da ita tana Abuja. A ƙarƙashin dokar, haƙƙin waƙa na ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce.

Ma'anar hakan ita ce waƙar da aka rera a ɗakin kwanan ɗalibai na iya ciyar da 'ya'ya da jikoki, kamar yadda dawowar "Olufunmi" bayan shekara 21 ta nuna cewa tsohuwar waƙa ba ta rasa kasuwa. Sharaɗin shi ne a rubuta wanda ya yi me, da kason kowa, tun ana ga-maciji da juna ba a kai ba, lokacin da abokai ke cin tuwo a kwano ɗaya.