Zazzaɓin da Ya Kashe Mahler

A watan Fabrairun 1911, Gustav Mahler, mashahurin mai tsara kiɗa na ƙasar Ostiriya, ya kwanta da zazzaɓi a birnin New York. Likita Emanuel Libman ya sa aka ɗebi jininsa aka shuka a ɗakin gwaji, sai ƙwayar bakteriya nau'in sitireftokokus ta tsiro. Likitoci sun gane cutar sarai, amma ba su da abin da za su ba shi. Ranar 18 ga Mayu ya rasu a Vienna yana da shekara 50.

Abin da ya kashe shi shi ne kamuwar bawul ɗin zuciya da ƙwayoyin cuta. Zuciya tana da bawul huɗu masu hana jini komawa baya. Idan ɗaya ya sami tabo, sai daskararren jini ya taru a wurin. Ƙwayoyin da suka shiga jini ta dasashi, ko miki, ko allura marar tsabta, sukan maƙale a kan tabon, su hayayyafa, su zama curi. Tun 1907 aka shaida wa Mahler cewa bawul ɗinsa ba lafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An daɗe ana tattara wannan sani. A 1835 Bafaranshe Jean-Baptiste Bouillaud ya raɗa wa kumburin shimfiɗar cikin zuciya suna endokaditis. A 1852 William Senhouse Kirkes na Landan ya nuna cewa curin yakan ɓantare, ya bi jini, ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ƙoda ko saifa. Nan ne aka fahimci yadda ciwon zuciya ke haifar da shanyewar ɓarin jiki. A 1885 William Osler ya haɗa bayanan wuri guda cikin laccocin da ya gabatar a Landan.

Da yake babu na'urar hango zuciya a wancan zamani, da ido da kunne likita ke aiki. Yakan lura da zazzaɓin da ya ƙi sauka makonni, gumin dare, rama, kumburin saifa, da sabon huci a bugun zuciya. Yakan duba ƙarƙashin farce ya ga siraran layukan jini kamar sartse. Moritz Roth ya bayyana ɗigo a bayan ido a 1872. Edward Janeway ya bayyana jajayen tabo marasa zafi a tafin hannu da na ƙafa a 1899, Osler kuma ƙuraje masu zafi a kan yatsu a 1909. Har yau da sunayensu ake kiran alamomin.

Duk da wannan ilmi, kusan kowane majinyaci mutuwa yake yi. Sai a 1944 Leo Loewe da abokan aikinsa a New York suka ba da rahoton warkar da mutum bakwai da fenisilin. A 1994 likitocin Jami'ar Duke suka fitar da ƙa'idojin tantance cutar, waɗanda suka jingina kan shukar jini da hoton zuciya.

A ƙasashe masu arziki, cutar ta koma kan tsofaffi, masu bawul na roba ko ƙarfe, da masu yi wa kansu allurar maye. A wurinmu kuwa tsohon dalilin bai tafi ba: ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba yakan jawo zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi, wanda ke lalata bawul. Ga kuma wata matsala tamu. Mai zazzaɓi yakan sha maganin maleriya, ya koma na taifod, ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, ta yadda ranar da aka shuka jininsa babu abin da zai tsiro. Wanda ya san bawul ɗinsa na da tabo, in zazzaɓi ya zarce mako, ya nemi a ɗebi jininsa kafin ya haɗiyi ƙwaya ko ɗaya.