Iri ɗaya, ɗanɗano daban: Yadda ƙasa ke sauya gahawa

A shekarar 2019 an yi gwanjon wata gahawa da aka noma a tsaunukan Panama, inda aka sayi laba ɗaya kan dala 1,029. A cikin wannan shekarar ne kuma farashin gahawar yau da kullum a kasuwar New York ya faɗi ƙasa da dala ɗaya a kan kowace laba.

Duka biyun 'ya'yan bishiya ɗaya ne, wato Arabika, wadda asalinta dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ne. Abin da ya raba su har farashi ya yi wannan rata shi ne irin da aka shuka, da inda aka shuka shi, da kuma hannun da ya sarrafa shi.

Manoman inabi na Faransa ne suka fi yin suna wajen kare wannan fahimta. Sun daɗe da lura cewa inabin Syrah da ake nomawa a kwarin kogin Rhone yana ba da jar giya mai ƙanshin masoro, alhali irin nan ɗin, idan aka kai shi kwarin Barossa mai zafi a Ostireliya, abin da yake bayarwa ya fi kauri da zaƙi. A 1935 Faransa ta kafa dokar da ta ɗaure sunan giya da yankin da aka noma inabinta. Masu cinikin gahawa da shayi da koko sun ari wannan tunani daga baya, ko da yake ba baƙon abu ba ne ga duk manomin da ya san bambancin amfanin jigawa da na fadama.

Tafiyar iri

Daga Habasha bishiyar ta tsallaka zuwa Yaman, inda Sufaye suke shan gahawa tun ƙarni na 15 domin ta taimaka musu raya dare da zikiri. Ta tashar jiragen ruwa ta Moka ake fitar da ita zuwa sauran duniya.

Mafi yawan Arabikar da ake nomawa a nahiyar Amurka ta samo asali ne daga 'yan tsirarun itatuwan da aka fitar daga Yaman ta hanyoyi biyu. Reshe na farko, da ake kira Tifika, ya bi ta Indiya zuwa tsibirin Java a hannun 'yan Holan. A 1706 suka kai shi lambun binciken tsirrai na Amsterdam, a 1714 kuma suka ba Sarki Louis na 14 na Faransa kyautar bishiya guda. Zuriyar wannan reshe ce ta isa tsibiran Karibiyan. Reshe na biyu, Burbon, Faransawa ne suka kai shi tsibirin da yanzu ake kira Reunion a farkon ƙarni na 18, daga can ya bazu zuwa Brazil da gabashin Afirka.

Wannan ne ya sa ake iya kwatantawa. Burbon ɗin da aka noma a jihar Minas Gerais ta Brazil yakan zo da kauri, da ɗanɗano mai kama da cakulan ko soyayyiyar gyaɗa, ba shi da tsami sosai. Burbon ɗin tsaunukan Ruwanda kuwa, da ake nomawa a tsayin mita 1,500 zuwa 2,000 daga saman teku, ya fi sauƙi a baki, yana da ɗan tsami irin na lemo, wanda masu saye a Turai da Japan ke biyan ƙarin kuɗi dominsa.

Tsayi da sanyi

Arabika ta fi son wuri mai sanyi-sanyi, wajen maki 18 zuwa 22 a ma'aunin salshiyos, kuma raɓar ƙanƙara tana kashe ta. A yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya, sai an hau tsauni ake samun irin wannan yanayi.

A kan tsauni, sanyin dare yana jinkirta nunar 'ya'yan. Ƙwayar da ke ciki takan yi tauri, ta tara sukari da sinadaran da ke ba da ƙanshi da tsami idan aka soya ta. A ƙasa mai zafi kuwa 'ya'yan kan yi saurin nuna, ɗanɗanon ya fito salam. Shi ya sa a ƙasashe kamar Guatemala da Costa Rica ake raba darajar gahawa bisa tsayin gonar da ta fito.

To amma tsayi kaɗai ba ya yanke hukunci. Gahawar Blue Mountain ta Jamaica, inda aka fara kai bishiyar a 1728, ana noma ta ne daga kimanin mita 900 zuwa 1,700, cikin hazo. Gahawar Kona ta Hawaii, ita ma Tifika ce, amma gonakinta ba su kai wannan tsayi ba. Abin da ke cetonta shi ne gajimaren da ke rufe gangaren duwatsun Mauna Loa da Hualalai kusan kowace yamma, bayan hantsi mai rana, sai ya zame wa itatuwan inuwa.

Batun ƙasar noma ya fi wuyar tantancewa. 'Yan kasuwa suna son ambaton ƙasar duwatsu masu aman wuta, kuma gaskiya ne irin wannan ƙasa tana da taki, ba ta kuma riƙe ruwa ya kwanta. Sai dai ɗaure wani ɗanɗano takamaimai da wani sinadari na cikin ƙasa ya fi yawa a bakin masu talla fiye da a ɗakin bincike.

Labarin irin da ake kira Gesha ya nuna yadda iri da wuri ke buƙatar juna. An samo shi daga Habasha a shekarun 1930, ya isa Costa Rica a 1953, sannan Panama a shekarun 1960, saboda yana jure cutar tsatsar ganye. Manoma ba su damu da shi ba, domin ba ya yawan 'ya'ya, rassansa kuma suna saurin karyewa. Sai a 2004, da gonar Hacienda La Esmeralda da ke yankin Boquete ta ware na can saman tsauni ta shiga gasa da shi, aka ji ƙanshinsa mai kama da na furanni. An sayi laba kan dala 21, farashin da ba a saba ji ba a lokacin. Wannan irin ne, daga wata gona a yankin, ya kai dala 1,029 bayan shekara 15.

Hannun manomi

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan an tsinko 'ya'yan. A Harar, a gabashin Habasha, ana shanya su ne da ɓawonsu har su bushe, sai zaƙin tsokar ya ratsa ƙwayar. A Kenya akan ɓare ɓawon, a bar ƙwayar ta tsima, a wanke, sannan a shanya, abin da ke fito da tsami mai tsabta. A Sumatra ta Indonesiya, inda ruwan sama ba ya barin shanya, ana cire kwanson tun ƙwayar na da danshi, shi ya sa gahawarsu ke da ƙanshin ƙasa. Sau da yawa abin da mai sha ke zaton ɗanɗanon ƙasa ne, al'adar mutanen wurin ce.

Rigima kan suna

Tunda suna yana jawo kuɗi, ba a rasa rigima a kansa. A 2006 taƙaddama ta fito fili tsakanin gwamnatin Habasha da kamfanin Starbucks na Amurka kan yunƙurin ƙasar na yi wa sunayen Sidamo da Harar da Yirgacheffe rajista, ƙungiyar agaji ta Oxfam kuma ta mara wa Habasha baya. An sasanta a 2007, shekarar da Tarayyar Turai ta amince ta kare sunan gahawar Kolombiya. A Hawaii an daɗe ana sayar da haɗin da kashi 10 cikin ɗari kacal ne na Kona da sunan yankin, har sai a 2024 aka sa hannu kan dokar da za ta ɗaga adadin zuwa kashi 51 daga 2027.

Barazanar da ta fi damun manoma ita ce ɗumamar yanayi. Daga 2012 cutar tsatsar ganye ta yi ɓarna mai yawa a Amurka ta Tsakiya, har a gonakin kan tudu da a da sanyi ke kare su, a 2020 kuma ta ɓulla a Hawaii. Mai gona a gangaren tsauni zai iya matsawa sama idan yana da fili, amma a wurare da dama abin da ke sama daji ne da doka ta hana sarewa.