Tafkin Tabalak

Tafkin Tabalak wani babban tafki ne a arewacin Adar, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, a bakin hanyar da ta tashi daga birnin Tawa zuwa Abalak da Agadas. Ranar 16 ga Satumba 2005 aka sanya shi, tare da tafkin Dan Dutsi, cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke kulawa da su. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 1987.

Darajar tafkin tana ga tsuntsayen ruwa, musamman masu ƙaura daga Turai da ke yin lokacin sanyi a nan, kuma ƙidayarsu ce ke nuna lafiyar wurin. Babbar barazanar ita ce yashi da laka da ruwan sama ke kwasowa daga tuddan da suka rasa itatuwa, suna cike tafkin sannu a hankali. Akwai masu ganin kariya za ta takura wa masunta, makiyaya da masu lambun albasa. Sai dai yarjejeniyar ba ta hana amfani da ruwan ba, sharaɗinta a yi shi bisa hikima. In tafkin ya cike, kifi da noman rani za su tafi tare da tsuntsayen.